Awon Rigar Ajuji

Hauwa na tsugune a bakin murhu tana hura wuta, amma hankalinta na kan tarin da ke fitowa daga ɗakin surukarta. Tarin ɗanta ne, jaririn da aka raɗa wa suna Sanusi, sunan da babu mai kiransa da shi. Ajuji ake ce masa, domin surukar tata, Inna Dudu, ta ce ɗan wabi ne, kuma ɗan wabi sai an nuna ba a damu da shi ba mutuwa ke ƙyale shi.

'Ya'ya biyu Hauwa ta haifa wa mijinta Yusha'u kafin wannan, dukansu sun koma tun ba su fara zama ba. A gungunsu aka binne su, wani tsibiri a tsakiyar kogin Kwara. Da aka gama dam ɗin Kainji ruwa ya taso ya shanye gungun, da gonakin albasa, da ƙananan kaburburan nan biyu. Gwamnati ta kwaso mutane ta zuba su a gidajen siminti a gaɓar tafki, kusa da Yelwa. A nan aka haifi Ajuji.

Inna Dudu ta riga ta yanke hukunci. A ganinta sababbin rigunan da aka sayo wa na farkon a kasuwar Yelwa su suka jawo musu idon mutane. Saboda haka wannan tsumma kawai za a yafa masa har a yaye shi. Ta kira Hauwa a gaban mijinta ta faɗa mata ido da ido.

"Ran da ɗinkakken tufa yat taɓa jikin yaron ga, ran nan za ki bar gidan ga. Kuma ke kaɗai za ki tai, ba da shi ba."

Yusha'u ya sunkuyar da kai. Yana son Hauwa, so na gaske, tun zamanin da yake tuƙa kwalekwale zuwa Wara zance. Mutum ne da ke tsayawa ƙyam a kan jirgi cikin igiyar ruwa, amma da Inna ta ɗaga murya sai ya kasa musa mata. Shi kaɗai ya rage mata a duniya. Abin da ya iya ce wa matarsa shi ne ta yi haƙuri, Hauwa kuwa ta haɗiye kukanta ta yi.

Damina ta sauka. Ɗakin siminti ba ɗakin laka da ciyawa ba ne, daɓensa sanyi yake tsatsa, ga iskar tafki tana shigowa ba sallama. Tsumman da ake yafa wa Ajuji ba ya minti a jikinsa ya shure shi. Da tarin ya yi ƙarfi suka kai shi wurin disfensa a Yelwa, ya ba da magani, ya ce a rufe ƙirjin yaron da riga mai kauri in ba limoniya ake nema ba. Inna ta karɓi maganin ta watsar da maganar.

Zuwa wurin tela bai taso ba, kafin a yanka yadin labari ya iso gida. Sai Hauwa ta tuna da Marka, wata maƙwabciya 'yar kan dutsen bayan Ngaski, wadda ta koyi ɗinki a makarantar mishan. Kullum da hantsi, idan Inna ta goya jikanta, Hauwa sai ta ɗauki tulu kamar za ta ɗibar ruwa, ta ratse gidan Marka.

Hannun da ya saba da taɓarya da yankan kifi bai san allura ba. A kan tsohon buhun fulawa ta fara, zare na ƙullewa, ɗinkin na tafiya a karkace, yatsunta duk huda. Ran da ta haɗa hannun riga na farko ta ɗinke bakinsa ruf, Marka ta yi dariya har da riƙe ciki, ta tambaye ta ko kifi za ta ɗinka wa. Hauwa ta warware ta sake. A hankali ta iya kalmasa, ta iya juya ɗinki ciki don kada ya goge fatar jariri, ta iya kafa maɓalli.

Yusha'u ya ga yatsun nan, bai tambaya ba. Washegari Hauwa ta tarar da rigarsa ta angonci a cikin kayan wanki, mai kauri, ko koɗewa ba ta yi ba. Yana ficewa da komar kamun kifi a kafaɗa ya ce, ba tare da ya dube ta ba, wai rigar ta tsufa, a yi tsumma da ita. Hauwa ta rungume rigar ta yi kuka, don ta gane yana tare da ita, ko da bakinsa ya kasa faɗa.

Marka ta ba ta tef, ta nuna mata yadda za ta auno ƙirji da tsawo da zagayen kai. Hauwa ta shiga ɗaki da yaron kamar za ta ba shi nono, ta warware tef ɗin, sai ta kasa ɗora shi a jikinsa. Sau biyu ta taɓa ganin an auna ɗan da ta haifa, kuma likkafani ake yanka masa. Ta naɗe tef ɗin, ta koma ta ce wa Marka ta auna. Ta shimfiɗa rigar mijinta ta yanka a kan girman da hannunta ya sani.

Ɗinkin sabon hannu ba ya sauri. Makonni suka wuce kafin 'yar rigar ta haɗu. Hauwa ta ɓoye ta a ƙarƙashin kwanonin jerenta, tana son sa masa, tana tsoron abin da zai biyo baya. Ba ta gama wannan shawara ba, ran nan da la'asar, yaron na kwance jikinsa zafi jau, Inna ta shiga ɗakin Hauwa neman kwanon jiƙa magani ta fito da riga a hannu.

Ba ta yi ihu ba. Ta aika aka kira Yusha'u daga inda yake gyaran koma, ta zauna a tabarma kusa da yaron, ta ce ya saki matarsa yanzu a gabanta. Hauwa ta durƙusa a bakin ƙofa, hawaye na zuba.

Yusha'u ya tsugunna a gabanta.

"Inna, ban taɓa tsallake maganarki ba. Amma ƙyallen ga rigata ta, ni nib ba ta. Na farkon ba riga tak kashe su ba, kwanansu ne yaƙ ƙare. Wanga kau sanyi na cin shi muna kallo. In kora za a yi, da ni za a fara."

Ya miƙa hannu ya ɗauki rigar daga cinyar uwarsa, ya ɗaga ɗansa, ya kai wuyan rigar kan yaron. Kai ya ƙi shiga. Ya ɓalle maɓallin ya sake gwadawa, ya ƙi. Ya ɗora ta a ƙirjin yaron, ko cibiya ba ta kai ba.

Inna ta fizge rigar za ta jefa a murhu, sai ta tsaya. Ita ta wanke gawar jikokinta biyu, ita ta auna musu likkafani da takin hannunta. Ta shimfiɗa 'yar rigar a gwiwa, ta taka ta da yatsu daga wuya zuwa ƙasa, fuskarta ta sauya. Ta matsa ta auna jikin Ajuji da taki, hannunta ya wuce inda ya saba tsayawa, ya ƙara gaba.

"Ke yarinya, awon wa kinka yi?"

"Awon da na sani, Inna. Ban taɓa riƙa wanda ya wuce haka ba."

Tsohuwar da ba a ga hawayenta ba ko ran da ruwa ya ci gungunsu ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Wata da watanni tana gadin yaron kamar baƙon da zai tashi gobe, tsoro bai bar ta ta lura yana girma a bayanta ba.

Da ta share ido ta ɗauki jikanta ta miƙar da shi a cinyarta, ta ce Hauwa ta ɗauko abin awon nan da sauran ƙyallen.

"Auna shi, ina riƙe. Kuma ki bar mishi wurin girma."

Marka ta zo ta kama mata, kafin sallar isha'i yaron na cikin riga. Ya tashi daga ciwon da ƙyar, bayan an kusa fid da rai. Amma sanyin ya riga ya yi ɓarnarsa. Sanusi ya girma da raunin ƙirji, bai taɓa iya bin ubansa cikin tafki ba, kuma Inna Dudu ta ɗauki wannan nauyi a zuciya har ta bar duniya. Maganar saki ba ta sake tasowa ba.

Masu karatu, rai da mutuwa na hannun Allah, tsumma ba ya ɓoye yaro daga ajali, riga ba ta kiransa. Tsoron rasa abin da muke so kan sa mu cutar da shi da hannunmu. Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma faɗa musu gaskiya cikin ladabi yana cikin biyayyar, kuma da Yusha'u ya faɗe ta da wuri da ɗansa bai biya da lafiyarsa ba. Hauwa ta yi haƙuri, Allah Ya bar mata mijinta da ɗanta. Ta zama mai ɗinka wa yaran unguwa kaya, kuma duk rigar da ta yanka takan bar mata kalmasa mai faɗi, wadda za a warware baɗi.