Ƙamshin Kanumfari

"Matso nan, Fatihu."

Ya matso yana murmushi, riƙe da kwandon tumatirin da ya kawo mata daga Kadawa. Saliha ta shaƙi iskar da ke tsakaninsu sau ɗaya, ta ja da baya.

"Kanumfari kake taunawa."

"Haƙori ne ke damuna, sahibata."

"Haƙori..." Ta dubi aljihun rigarsa, inda kwalin sigari ya yi tudu. "Shekara ashirin Baba yana shigowa gidan nan da wannan ƙamshin. A cikinsa aka raine ni."

Daga cikin gida tarin mahaifinta Malam Jaji ya taso, dogo, irin wanda sai an yi shiru an jira ƙarshensa. Suka jira.

"Kin san aikinmu," in ji Fatihu a hankali. "Mai ban ruwa tun asuba ƙafarsa na cikin kanal. Kara ɗaya ne, don sanyi da sauro. Shi ma Baba ai kowa ya san sanyin ruwa ne ya kama masa ƙirji."

"Kowa ya sani? Inno da ta haife ni ta shekara talatin tana dashen shinkafa cikin ruwan nan har gwiwa. Ka taɓa jin ta tofar da jini? Likita ya nuna mana hoton huhun Baba a Kano. Ruwa ba ya yin wannan baƙin."

"To yanzu ya kike so? Saura wata biyu a kawo lefe."

"Ina jinyar uba, Fatihu. Ba zan shiga ɗaki in fara jiran jinyar miji ba."

Ta shige gida da sauri don kada ya ga idonta. Kwandon ya kwana a zaure.

Bai dawo ba. Duk la'asar in babur ya rage gudu a kan hanyar Bunkure, sai cokalin kunu ya tsaya a hannunta har ƙarar ta wuce. Ta goge lambarsa daga waya, amma lambar ta ƙi fita daga kanta.

"Yaron Kadawa ya daina zuwa?" Baba ya tambaye ta wata rana, yana tsinkar maganar da numfashi.

"Ni na kore shi."

Ya ɗaga ido ya dubi rufin ɗaki. "Ni ma uwarki ta yi mini magana, muna ango da amarya. Sai na je na sayo kanumfari... na zaci wayo na yi."

Ana tsakiyar ɗibar tumatir Allah Ya karɓi abinSa.

Ranar sadakar arba'in aka ce ana sallama da ita. Fatihu ne. Ya rame, yatsunsa sai murza bakin hularsa suke yi.

"Ya haƙuri, Saliha?"

"Da godiya." Ta tsaya a gabansa. "Matso."

Ya matso. Gumi ta ji, da ganyen tumatir, da lakar fadama. Ta sake shaƙa, ta sake.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na kama makararsa. Ba nauyi, Saliha. Mutumin da na sani yana ɗaga buhun shinkafa shi kaɗai... kamar kara muka ɗauka." Ya dube ta. "Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu raina na biyawa. Da asuba ya fi tsanani."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Kullum ka shigo gida sai na shinshina ka."

"Kullum?"

"Kullum, masoyina. Har ka yi furfura, har haƙoran da ka yi ƙarya da su su zube." Ta ja gefen mayafinta ta rufe baki. "Tsufan nan nake so mu yi tare. Inno ba ta samu ba."