Jakin Alhaji Mamman

Ranar wata Juma'a, cikin marka, shekarar da aka yanke Jihar Kebbi, ruwa ya ɓarke a tashar Jega. Rufa'i ɗan kamasho ya hango kwandon wata budurwa yana bin kwata, ya ruga ya cafo shi. Ruwan ya tafi da takalminsa ƙafa ɗaya. Ta yi ta dariya, shi kuwa ya kasa ɗauke ido.

Iklima ce, ɗiyar Alhaji Mamman mai motocin albasa a Aliero. Kafin kaka soyayya ta yi nisa, amma Alhaji ya ce atafau.

"Yaron da ya bar makaranta, ya bar ɗinki, ya bar faci? Gindinai ba ya zama wuri guda."

Sai ga Alhaji yana neman direba, Rufa'i ya ce yana so. Usama, wani manemin Iklima mai takardun sakandare, shi ma ya fito nema.

"Rufa'ina," in ji Iklima a zaure, "Baba ba ya tambaya, hira kawai zai ja ku. Don Allah in ka zamna, ka zamna."

"Tauraruwata, ko kan ƙaya ne."

Alhaji ya tarbe su a rumfar albasa. Bai yi zancen mota ba. Ya yi na ciwon gwiwarsa, ya gangaro kan wani jakinsa da ya ɓace a hanyar Maiyama tun yana saurayi. Usama ya yi ta miƙa takardu, har ya gaji ya ce yana da uzuri, ya tafi. Ƙafar Rufa'i tana rawa, ya danne ta da hannu. Can labarin ya kama shi da gaske. Da Alhaji ya koma kan gwiwa, sai Rufa'i ya kasa haƙuri.

"To Baba, an ga jakin kuwa?"

Alhaji ya juyo ya dube shi.

"Shekara da shekaru ina ba da labarin ga, ba wanda ya taɓa tambayar jakin. A garin Liba aka tsince shi. Gobe ka zo ka amshi makulli."

Rufa'i ya yi kaka guda yana kai albasa kudu ba ko ƙwarzane. Bayan Sallah aka ɗaura aure, Alhaji da kansa ya sa albarka.

Asarar Rufa'i duka duka biyu ce: yawon tasha, da takalmi ƙafa ɗaya. Ɗayar ƙafar tana cikin akwatin Iklima.