Ɗigon da Ke Tafiya a Hannun Tasi'u

Malamin da ya ba Tasi'u aikin nan shi ya cuce shi. Ba zan kama suna ba, ya san kansa. Ku matso. Ke Saratu, rage fitilar nan.

Ni Barira ban yi jami'a ba, da idona na koyi gyaran kwamfuta, amma a shagona ɗan goggonmu Tasi'u ya yi aikin digirinsa. Ya yanka fuskar kwamfuta gida-gida kamar ramukan dara. Baƙaƙen ɗigo a ciki. Kowane ɗigo, maƙwabtansa ke sa ya rayu ko ya mutu. Wasu in sun haɗu sai su kama rarrafe. Tasi'u ya sa injin yana kiwonsu: waɗanda suka fi nisan tafiya a haɗa su su haifi sababbi, sauran a shafe. Dubu a minti guda.

Na ce, "Kai, ko bisimilla babu?"

Ya ce, "Yaya, lissafi ne."

Ran Juma'a, rana tsaka, maza duk sun tafi masallaci. Shi ya ƙi. Litinin zai miƙa aikin, in bai samu mai tafiya wadda ba ta mutuwa ba, shekara za ta maimaitu.

Kasuwa tsit. Fanka ta tsaya, alhali akwai wuta.

Wata tsohuwa ta shigo. Ba sallama. Na dubi ƙafarta. Ba ta ɗaga ta. Ta ɓace a wannan tayil na daɓen shago, ta ɓullo a na gaba, a karkace.

"Ɗan nan, nawa ka kashe yau?"

"Iya, ɗigo ne fa."

"Uwarka in za ta zubar da ruwan zafi, ba ta cewa a kauce? Jikokina a ciki suke shan inuwa. Kashe injin."

Na so in ce ya kashe. Kafin in buɗe baki, Tasi'u ya riga ni.

Ya ce, "Guda ɗaya nake nema, Iya. Wadda ba ta mutuwa."

"Za ka iya riƙonta?"

"Zan iya."

Ta dangwala yatsa a gilashin. Ɗigo biyar suka haɗu, suka kama hanya. Suka kai bakin gilashi. Ba su tsaya ba. Huɗu suka koma ciki. Ɗaya ya sauko tebur, ya hau yatsansa.

Muka ɗago. Ba tsohuwa.

Ya ci digirin, har da yabo. Amma duk Juma'a, rana tsaka, ɗigon nan yana matsawa taku ɗaya, a karkace. Bara yana wuyan hannu. Yanzu ya wuce gwiwar hannu. Ƙirji ya nufa.

Kada ɗayanku ya zauna gaban injin nan ana salla, kuma kada ya shafe komai bai ce a kauce ba.

Kai Sagir, murmushin me kake? Ga Tasi'u can a soro, da riga mai dogon hannu a wannan zafin. In ƙarya nake, tashi ka ce ya naɗe hannun.