Hannuwan Lawali

Dutsen da ya haɗa Kaltuma da Lawali ba ita aka jefa ba, amma allonta ya tsaga.

Laraba ce da yamma, Kaltuma tana rumfar da iyaye suka kafa a unguwar Kara-Kara, tana maimaita wa ƴan kolej lissafi. Yawancin iyayen ba sa jin Faransanci, don haka ko sakamako yaro ya kawo, ita ke zama da uwarsa ta yi mata bayani. Sai ga ƴan pale, samarin nan masu ɗaga ƙarfe da faɗan unguwa, sun koro juna da duwatsu da adduna da sarƙar moto, wato babur. Wani ƙato ya faɗo cikin rumfar, jini na zuba daga girarsa.

Yara suka watse. Ita kuwa ta tsaya da alli a hannu.

"Malam, nan aji ne. Ko ka zauna ka harɗe hannu kamar kowa, ko ka fita."

Ƙaton nan, Lawali, wanda duk unguwa ke kauce wa, ya dubi ƴar siririyar nan, ya nemi benci ya zauna, ya harɗe hannu a ƙirji yadda ake koya wa yara a lakwal, makarantar boko. Daga ranar zuciyarsa ta bar hannunsa.

Ɗan manoman garin Dogo ne. A sizyam, ajin farko na kolej, ya bar karatu saboda babu mai duba masa. Ya ɗinke allon da ƙusa, ya ƙera akwatin littattafan aro, ya riƙa bi gida-gida yana kwaso masu fashin aji. Saƙonnin waya tsakaninsu kuwa sai abin da ya ƙaru.

"Madam, yau na yi rabawa ban ci gyara ba. Ina tukuicina?"

"Ɗan sizyam ɗina, tukuicinka shi ne ina tunaninka. Ka wanke ciwon nan."

Baba Adam, mahaifinta, Babarbare ne mai sayar da dabino, ba ya magana biyu. Lawali ya je gabansa neman aurenta.

"Hannun da ya saba fasa kawunan mutane zan ba ƴata? To, ka ji. Daga yau zuwa yaran nan su zana jarrabawar bepese, in na ji ka ɗaga wa wani hannu, ko inuwar gidana kada ka taka."

"Na ɗauka, Baba."

Fahad, shugaban pale, ya ji labari ya ƙule. Shi ma ya taɓa neman Kaltuma ta ƙi, ga shi ta ɗauke masa gwarzonsa, ƙananan da yake zawarci kuma sun koma benci. Ana gab da jarrabawa ya zo da yaransa, ranar da Kaltuma ta raka innarta biki, Lawali ke tsaron aji.

"Matsa, za mu ƙone rumfar nan."

Lawali ya san naushi ɗaya ya isa ya kwantar da Fahad. Ya kuma san abin da naushin zai ci masa. Sai ya cika ƙofa da jikinsa, ya harɗe hannu.

Sarƙa ta sauka a kafaɗarsa ta yage riga da fata. Aka sa masa gora a baki, haƙori ya fita. Ya durƙusa, ya tofar da jini, ya sake miƙewa. Suka tattake shi har haƙarƙari ya ɓalle, hannun yana nan a harɗe. Ihun yara ya fito da iyaye mata da taɓare da muciya, ƴan pale suka arce.

Labari ya riga gaskiya isa gida: Lawali ya yi faɗa. Kaltuma ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta tura masa: "Ashe ban kai ka riƙe hannunka ba."

Saƙon ya iske shi kwance a likita.

Da safe iyayen yara suka cika zauren Baba Adam, kowace da bakinta. Tsohon ya saurara, ya ɗauki hularsa, ya ce Kaltuma ta biyo shi. A bakin gado bai ko dubi fuskar da ta kumbura ba.

"Miƙo hannuwanka."

Ya jujjuya su kamar mai duba dabino. Duk jikin Lawali rauni ne, bayan hannunsa kuwa ko ƙwarzane babu.

Kaltuma ta fashe da kuka. "Ka yafe mini, ɗan sizyam."

"Madam, na ci?" ya ce, ta gurbin haƙorin.

Bayan sakamakon bepese ya fito aka ɗaura aure, iyayen yara suka yi tuwo a rumfar. Da aka kai Lawali gaban surukinsa, kunya ta sa ya sake harɗe hannu. Baba Adam ya yi murmushi.

"Saki hannun nan, ɗana, ka riƙe mini ƴata da shi. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai karatu."