Ɗigon Jan Farce

Tsoho mai gyaran agogo ya shigo ofishin Sufeto, 'yarsa na riƙe da hannunsa.

"Ranka ya daɗe, yanar ido aka cire mini, aka dasa ɗan gilashin roba. Wata biyu ina gani garau. Yau ko ƙarfe nawa sai na tambaya."

"Kai kaɗai ne, Baba?"

"Mu tara ne. Jibi za a yi wa wasu talatin."

Sufeto ya ɗauki hularsa.

A asibiti likita ta zube masa ledojin da aka ciro gilasan. "A liƙe suke zuwa daga masana'anta. Sai sun zauna a ido suke dusashewa."

Sufeto ya juya leda ɗaya. Takardar da aka manna mata ta cika kauri. Ya ɓare ta, sai ga jan ɗigo a ƙasa.

Manajan masana'anta ya tarbe shi da fara'a. "Duk wanda ya faɗi gwaji ƙonawa muke yi, Yallaɓai. Hannun likitar ne ke rawa."

Sufeto ya shiga ɗakin aiki. Ya wuce wurin matar da ke duba gilasan ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa mata ledar.

Ta dafe ƙirji. "Jan farcena ne! Biro ba ya kama ledar. Duk wanda na ga kumfa a cikinsa ɗiga masa nake yi, a kai wuta."

"Wa ke kaiwa?"

"Manaja. Ya ce da kansa zai riƙa yi."

Suka zagaya baya wurin tanderun. Zanzaro har ya yi gini a bakinsa.

"Yaushe rabon nan da wuta?" in ji Sufeto.

Manaja ya share gumi. "Kumfar ba ta da yawa, asara ce a ƙona. Kuma tsofaffi ne fa, me ya rage musu su gani?"

Allah wadai da wannan baki! Sufeto ya danna masa ankwa, ya kira likita ya ce kada a taɓa idon kowa jibi.

A ofis aka maimaita wa tsoho abin da Manaja ya ce. Ya juyo wajen da yake jin ƙarar ƙarfe.

"Kai ne mai tambayar abin da ya rage mini? Kai nake son gani da ankwa a hannu. Shi ma ka hana ni."