Tattabarun Fatahiyya

Sufeto Mitwalli bai taɓa binciken kisan tattabaru ba, sai ranar da Fatahiyya ta juye masa buhunsu a kan tebur, duk matattu.

"Guba ce, yallaɓai. Kuma aikin Girgis ne, maƙwabcina."

A Fayyum kowa ya san gonarta. Ba takin kanti, ba feshi, kashin tattabaru kawai take zubawa, shi ya sa 'yan kasuwar Alƙahira ke rububin tumatirinta. Duk ranar da aka sami ɓurɓushin guba a gonar, takardar shaidar noma ba sinadari da ta yi shekaru tana wahalar samu ta tafi ke nan.

Da Sufeto ya je ya tuhume shi, Girgis ko gezau bai yi ba.

"Ina feshi, ban ɓoye ba! Ita ke kiwon tsutsa, ni ke ciyarwa. Amma ban taka gonarta ba."

Sufeto ya bi iyakar gonakin. Tsutsotsi na ta cin ganye hankali kwance. Sai da ya kai tsakiyar gonar Fatahiyya, kusa da ɗakin tattabaru, ya tarar da tsutsotsin a mace birjik. Feshin maƙwabci ba ya tsallake baki ya faɗa tsakiya.

Ƙanenta Shahata ya kawo shayi, yana ta susar baya.

"Ka taɓa goya tankin feshi?"

"Ni? Allah ya kiyaye!"

"Ɗaga rigarka."

Bayansa ya yi jajir, ga sawun igiya biyu a kafaɗa, ga ƙuraje inda tanki ya yi yoyo.

Shahata ya dire tiren.

"Ni ne! Maganin feshin da aka hana ma na sayo, shi ke da ƙarfi. Kuma gobe ma zan sake! Bara rabin amfanin tsutsa ta cinye, Yaya, kina ta wa'azin ƙasa mai rai. Ki yi shiru ki sayar, wa zai sani?"

Aka sa masa ankwa. Sufeto ya ji tausayin Fatahiyya ƙwarai, ya sassauta murya.

"Hajiya, in na rubuta rahoton nan, shaidarki ta mutu."

"Rubuta. Da manyan baƙaƙe."

Motar na juyawa ya hango ta ta madubi, ta ɗaure ƙugu, tana tumɓuke tumatir mafi kyau da gonar ta taɓa yi tana watsawa a kan hanya.