Mutum Na Hamsin Da Huɗu

Ranar da Odessa Tolliver ta fara haɗuwa da Thaddeus Mabry, da akwatinsa ta fara gaisawa. Wani tsohon akwati ne ruwan toka mai karyayyar taya, an jingine shi daidai ƙofar ofishinta. Ta yi tuntuɓe da shi, rabin kofin da take sha ya ƙare a kan farar rigarta.

Mai akwatin ya taso da sauri, ƙato da shi, yana ta ba da haƙuri kamar wanda ya take ɗan tsako. Ta tambaye shi ko nan tashar mota ce. Ya ce a'a, hannu ya zo sawa a kwantiragi, kuma shi duk inda zai je da kayansa yake zuwa.

"Sau shida ana sallamata, Madam," ya ce yana miƙa mata hankici. "Na daina wahalar kwance kaya."

Ta so ta ci gaba da ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata.

Odessa ce mai kula da iyakar albashi a Herons, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta garinmu Memphis. Dokar gasar ta yanke adadin da albashin 'yan wasa gaba ɗaya ba zai wuce ba, in ka ƙara wa wani sai ka rage a jikin wani. Mutum casa'in ake tarawa a sansanin horo, ƙarshen Agusta kuma hamsin da uku kaɗai za su rage. Koci ya zaɓi wanda yake so, amma Odessa ce za ta ce masa kuɗin sun kai ko ba su kai ba. Shi ya sa 'yan wasa ke gaishe ta da ladabin da ba sa yi wa iyayensu.

Shi kuwa Thaddeus aikinsa ɗaya ne: ya sunkuya ya cilla ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa zuwa ga mai bugawa. Aiki ne da ba a sanin sunanka sai ranar da ka yi kuskure, kuma shekara bakwai babu wanda ya san sunansa.

Washegari ta tarar da sabon kofi a kan teburinta, da 'yar takarda: "Diyyar riga. Daga Mai Akwati."

Daga kofi aka koma gaisuwa a baranda, daga gaisuwa aka koma zaga bakin kogi ranar Lahadi bayan coci. Odessa mace ce da ba ta son ɓoye-ɓoye, don haka tun a sati na uku ta shiga wajen manaja Hollis ta gaya masa gaskiyar abin da ke tsakaninta da Thaddeus. Ya ce ya ji, duk abin da ya shafi sunan Thaddeus wani zai sake duba bayanta. Ta fito zuciyarta wasai, ta samu saƙo na jiranta:

"Alƙaliyata, yau na cilla ƙwallo sau tamanin, babu wadda ta kauce. Wadda ta kauce ɗaya ce, lokacin da kika wuce ta bakin fili."

Ta mayar masa: "Ka mai da hankali, Mai Akwati. Ni ba na biyan albashin kallo."

A watan Yuni ta kai shi wajen mahaifinta. Baba Cleophus yana da gidan abinci a kudancin gari, inda ake layi saboda soyayyar tarwaɗa da burodin masara. Shi ma ya taɓa buga ƙwallo a ƙuruciyarsa, aka sallame shi lokacin mahaifiyar Odessa na da cikinta wata takwas. Tun daga nan bai ƙara kallon wasa ba, ko a talabijin.

Ya cika wa baƙon faranti, ya bar shi ya ci ya ƙoshi, sannan ya tambaye shi inda yake zaune. Thaddeus ya ce otal. Kujera fa, yana da ita? Babu. Tukunya? Babu.

"Yaro, ba ni da matsala da kai, hankalinka ya yi min," Baba Cleophus ya ce. "Amma ba zan ba da 'yata ga mutumin da kayansa ke ɗaure kullum ba. Na ga abin da hakan ya yi wa uwarta."

"Na fahimta, Yallaɓai," in ji Thaddeus, ya sunkuyar da kai.

A mota Odessa ta yi ta faɗa, shi kuma ya ce ta bar tsohon, gaskiya ya faɗa. Wannan ya ƙara mata sonsa, ya kuma ƙara mata haushi.

Ana cikin haka Lazarus Pettway ya sako kai. Shi ne tauraron ƙungiya, hotonsa ne a jikin motocin haya, kuma irin mutanen nan ne da ba a taɓa ce musu a'a ba. Kwantiraginsa na neman ƙarewa, yana son ƙari mai tsoka, yana kuma son Odessa, ko dai yana ganin hanya ɗaya ce zuwa duka biyun. Duk Litinin sai ga furanni a ofishinta, ɗauri guda kamar za a yi biki. Thaddeus ya gani sau biyu, ya kau da kai ya wuce. Ita kuma ba ta ga abin bayani a ciki ba, tunda ko katin ba ta buɗewa.

Aka ba Lazarus ƙarinsa a farkon Agusta, don babu ƙungiyar da ke sakin irinsa. Sai aka dawo neman inda za a rage.

A nan dokar ta nuna rashin tausayinta. Mafi ƙarancin albashin ɗan wasa yana hawa ne da yawan shekarunsa a gasa. Akwai wani sabon shiga a sansanin da ke yin aikin Thaddeus, bai kai shi ƙwarewa ba amma ya kusa, kuma ya fi shi araha nesa ba kusa ba. Ko da Thaddeus ya yarda a rage masa, doka ba ta yarda ba. Shekarun da ya yi yana aiki babu kuskure su ne suka zame masa laifi.

Kwana uku Odessa tana juya jerin sunayen. Ta cire wannan, ta matsar da wancan, ta je ta roƙi wakilan 'yan wasa biyu su jinkirta wani ɓangare na kuɗinsu, suka ƙi. Akwai hanya ɗaya: a sallami wani mai tsaron baya da ƙungiya ke matuƙar bukata, ta rubuta cewa hakan ya fi. Ta san Hollis zai iya yarda da ita. Ta kuma san ƙarya ce. Ta miƙa jerin yadda yake, wanda ya duba bayanta ma sunan da ya fito masa ke nan. Thaddeus ne na hamsin da huɗu.

Al'adar ranar sallama ita ce a tura wani ma'aikaci ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ya ce koci na nemanka, ka taho da littafin dabarun wasa na ƙungiya. Kowa ya san ma'anar wannan. Odessa ta ce wa Hollis ita za ta je ɗaki na ɗari biyu da sha ɗaya, ɗakin Thaddeus.

Da hantsi ta ƙwanƙwasa. Ya buɗe da murmushi, ya ga fuskarta, murmushin ya tsaya.

"Koci na nemanka," ta ce. "Ka taho da littafinka."

"Ke suka turo?"

"Ni na ce zan zo. Ni na rubuta jerin, Thaddeus. Ban so ka ji a bakin wani ba."

Ya dube ta ya ce a hankali, "To, an samar wa mai furanni wuri." Ya ɗauki littafin ya wuce ta gefenta.

Maganar ta yi mata ciwon da ba ta taɓa ji ba. Ta tura masa saƙo da yamma: "Na nemi hanya kwana uku ban samu ta gaskiya ba. Da na yi ƙarya na riƙe ka, da ba zan iya kallon idonka ba. Ina sonka, ko kana cikin jerin ko ba ka ciki." Ya karanta, bai amsa ba.

Kwana tara shiru. Ta rame, ta daina shan kofi. Sai ta ji a ofis cewa wata ƙungiya can arewa ta kira shi gwaji, ranar Asabar zai tashi. Ranar Alhamis ta je gidan abincin, ta zauna a kicin ta gaya wa mahaifinta komai tana kuka. Ya saurara yana juya kifi. Da ta kai inda ta ce ita ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar, sai ya ajiye cokalin. Ya cire rigar girkinsa, ya ce wa mai taya shi ta kula da wuta, ya fita bai ce inda za shi ba.

Daga baya ne Thaddeus ya ba ta labarin. Tsohon ya same shi a otal, ya zauna a kan akwatin tunda kujera ɗaya ce a ɗakin. Ya ce masa shi a zamaninsa takarda aka turo masa ta ƙarƙashin ƙofa, mutanen da ya yi wa wasa da karyayyen yatsa babu wanda ya iya tsayawa a gabansa. Shekara talatin wannan ne ke cinsa, ba sallamar ba.

"Ita da ƙafarta ta zo maka," ya ce. "Furannin da kake wa kishi kuwa, ka zo ka gan su a kan teburana. Wajena take kawo su, wata uku ban sayi fure ba, har katin ba a buɗe ba."

Ranar Asabar da rana Odessa na gidan abincin tana goge teburin da ba shi da datti, sai ta ji ƙarar karyayyar taya a bakin ƙofa. Thaddeus ya shigo yana jan akwatin, ya ɗaga shi da yatsa biyu ya ɗora a gaban Baba Cleophus, ya buɗe. Babu komai a ciki.

Ya ce ya fasa zuwa gwajin, ya kama gida a layin cocinsu, kayansa na cikin durowa. Wata makarantar sakandare ta ɗauke shi koyar da wasa. Jiya ya sayi tukunya da kujeru biyu.

"Biyu?" in ji tsohon.

"Biyu, Yallaɓai. In ka amince."

Sannan ya juyo wajenta, ya durƙusa, ƙaton nan duk ya cika hanya. "Alƙaliyata, na faɗa miki maganar da ba ki cancanta ba, ki yafe min. Akwai sauran wuri a jerinki?"

Ta share hawaye da bayan hannu. "Wannan jerin mutum ɗaya yake ɗauka, Mai Akwati. Kuma ba a sallama."

A watan Afrilu aka ɗaura auren, coci ya cika har waje, aka ci tarwaɗa har aka gaji. Hollis ya zo, Lazarus ma ya aiko da furanni, wannan karon da sunan mutum biyu a katin. Baba Cleophus ya dafa kawunansu ya ce Allah ya zaunar da su wuri ɗaya, ya ba su zuri'a mai albarka, jama'a suka amsa da amin.

Akwatin yana nan har yau a gidan abincin, a saman kanta, tsohon ya hana a taɓa shi. Ranar Juma'a da yamma kuma yakan rufe kicin da wuri, ya tafi filin makarantar ya zauna kusa da 'yarsa, yana yi wa surukinsa ihun gyara.